Dutsen Auta

Ranar da Harlan ya zo da taba, iskar nan ta yamma ake yi, mai ɗumi, wadda ke gangarowa daga tsaunuka ta lashe ƙanƙarar tsakar gida kafin mutum ya gama shan shayi. Delma na gaban murhu tana soya gurasa sai ta hango a-kori-kurarsa ta taga. Ya kashe mota ya daɗe a ciki bai fito ba. Da ya fito kuma, tun daga bakin shinge ya cire hula, abin da ko a coci sai an zungure shi yake yi. Ta ce a ranta, to, yau akwai magana.

"Auta, wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya."

"To mayar da hularka, sanƙonka na kashe mini ido."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Harlan ya haura hamsin, yana da tebur da kujera mai juyawa a ofishin kula da kayan tarihi na ƙabilarmu, har jikoki gare shi, amma a gidan Delma sunansa Auta. Ita ta raine shi bayan rasuwar Innarsu Agnes, ita ta share masa majina, ita ta zane shi ranar da ya saci dokin maƙwabci. Ba ta taɓa kiransa da sunansa na yanka ba, kuma ba ta ga ranar farawa ba.

Ya ci gurasa biyu da busasshen nama, ya sha shayi, yana ta kame-kame da zancen tsadar ciyawar dabbobi. Can ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da taba ƙunshe a jan ƙyalle. Ya ajiye kan tebur, ya turo ta zuwa tsakiya, ya janye hannunsa.

Delma ta sauke kaskon daga wuta ta zauna. Mu nan, in mutum ya ajiye maka taba, ba kyauta ya kawo ba, roƙo ya zo yi, kuma duk abin da ya faɗa a kanta gaban Mahalicci ya faɗa. In ka ɗauka ka yarda da shi ke nan, ba ka kuma binsa da tambaya kamar ɗan sanda.

"Ina jinka."

"Maganar tudu ce, Yaya. Ɗan Sorensen ya ba kamfanin tsakuwa wurin."

Tudun yana wajen iyakar ƙasar da aka keɓe wa ƙabilarmu, cikin makiyayar Sorensen, tun zamanin da aka zo da igiyar awo aka yayyanka ƙasar. Tsoho Sorensen mutumin kirki ne a nasa fannin. Bai taɓa sa wa ƙofar shingensa kwaɗo ba, in kuma ya hango gidan su Delma suna hawa sai ya kora shanunsa can wani kwari, bai taɓa tambayar me suke yi a sama ba. To tsohon ya rasu, ƙasa ta faɗa hannun ɗansa na birni, wanda ko saniya ɗaya bai iya korawa ba.

"Katafila za su sa da zarar sanyi ya saki ƙasa," in ji Harlan. "Cikin tudun nan duk tsakuwa ce. Za su cinye shi su shimfiɗa a titi."

"Su gwada mana."

"Za su gwada, kuma za su yi. Hanya ɗaya ce ta rage. In gwamnati ta ce wurin tarihi ne, ko ciyawarsa ba mai tsinka. Amma sai sun gani da idonsu. Sai na kai su."

"Baƙi a kan tudu? Masu gajeren wando da ɗaukar hoto?"

"Gara masu gajeren wando da katafila."

Delma ta zuba wa jan ƙyallen ido. A saman tudun akwai zoben duwatsu mai faɗi, da layuka da suka taso daga gefe suka haɗu a tsakiya, inda wani tulin duwatsu yake. Ba wanda ya san wa ya fara shi. Yana nan tun kafin doki ya iso ƙasar nan, tun karnuka ke jan kayan mutane. Abin da Delma ta sani shi ne abin da ta tarar ana yi a gidansu: in wani ya rasu a jira shekara ta zagayo, sannan a ɗauko dutse daga wurin da mamacin ya fi so, mutum ɗaya ya rungume shi ya hau da shi ba mai kama masa, ya ɗora a kan tulin, ya faɗi sunan sau ɗaya. Daga nan ba a ƙara ɗaga dutsen. Gidaje da yawa sun bari tun lokacin da gwamnati ke kwashe yaranmu da ƙarfi zuwa makarantun kwana. Gidansu bai bari ba.

Ranar da ta kai dutsen Inna tana 'yar budurwa, Harlan na goye a bayanta don ba wanda za ta bar wa shi. Daga baya duk hawan da za su yi sai ta zaunar da shi gaban tulin ta riƙa nuna masa da baki. Wancan mai faɗin na Kaka ne. Baƙin nan na kawun da ruwa ya ci. Ƙaramin can na jaririyar da ba ta kai ga suna ba. In ya manta ta ja masa kunne. Duk duniya su biyu suka rage da suka san dutsen kowa.

"Ba za su taɓa komai ba?"

Harlan ya ɗora yatsunsa kan tabar. "Ko dutse ɗaya ba za a ɗaga ba. A kan wannan na faɗa."

"Na Inna?"

"Yana nan inda kika sa shi."

"Na Wilfred?"

"Haba Yaya. Ni ne fa."

Wilfred mijinta ne, bai daɗe da hawa tulin ba. Dutsensa ja ne mai farar jijiya, daga mashayar da yake kai dawakinsa, kuma gefensa ɗaya ya lotsa daidai cikin mutum. Da ciwon ƙugunta da komai ta hau da shi, tana yi tana hutawa, tana zaginsa a hankali wai ko a mace bai fasa yi mata nauyi ba. Ta tuna wannan, ta dubi ƙaninta, ta miƙa hannu ta ɗauki tabar. Ba ta ƙona ta a ranar ba. Ta sa ta cikin gwangwanin shayi a saman kabad, ta ce sai ranar da tudun ya tsira za ta kai ta sama ta yi godiya.

Ƙanƙara na narkewa aka kira ta asibiti aikin ƙugu. Bayan an sallame ta 'yarta Noreen ta riƙe ta a gidanta na birni, ta hana ta ko ɗaga buta. Delma ta yi ta zaman kallon bango tana koyon tafiya kamar yarinya. Harlan na kiranta a waya kowane mako. Magana na tafiya, Yaya. An yi zama. An sake zama. Lauyan kamfani na ta haushi amma za mu kayar da shi. Sau da yawa tambaya kan zo mata har bakin leɓe sai ta haɗiye, don ta riga ta ɗauki taba.

Wata rana ƙawarta Alvina ta zo dubiya. Alvina kuwa bakinta ba ya rufuwa ko tana barci.

"Ke, na bi ta hanyar Sorensen makon jiya. Tudunku cike da mutane, har da tanti. Na ga suna gangarowa da baro."

"Ƙasa suke aunawa."

"Da baro?"

"Alvina, idonki ɗaya ne mai gani, shi ma da rana tsaka."

"To ni dai na ga baro."

"Auta ya ba ni taba," in ji Delma, ta juya fuska bango. Ranar har suka rabu ba ta ƙara sakar mata fuska ba. Kai, in ka ga yadda ta tare wa yaron nan! Ƙawar da suka yi makaranta tare, suka sha bulala tare, ta kore ta da ido saboda shi.

Ciyawa ta fara ja da baya zuwa ruwan ɗorawa lokacin da hukunci ya fito. An ci nasara. Tudun ya zama wurin tarihi, kamfani ya kwashe kayansa, aka sa ranar biki. Delma ta sa siket ɗinta na fita mai zare-zaren launi, ta sa gwangwanin shayin a jaka, Noreen ta tuƙa ta.

Da kyar ta gane wurin. An yi hanya har gindin tudu, an share fili na ajiye motoci, an zagaye shi da duwatsu an shafa musu farin fenti kamar ƙofar bariki. Ga allo mai zane, ga rumfar abinci, ga masu ganga sun zauna da'ira suna ɗumama murya. Manya daga gwamnati na ta gaisawa da dattawanmu suna murmushin hoto. Delma ta yi tsaki, ta bi ta tsakanin fararen duwatsun da sandarta, ta kama hawa. Duk da haka ranta fari ne. Tudun na tsaye, kuma ƙaninta ne ya tsayar da shi.

A sama an kewaye zoben da igiya. Ta dafa igiyar tana haki, ta ɗaga kai ta dubi tsakiya.

Tulin ya rame. Da yana kai mata ƙirji, yanzu da kyar ya wuce gwiwa. Kuma duk launinsa ɗaya, toka-toka mai gansakuka. Ta nemi jan dutse mai farar jijiya a gefen gabas, babu. Ta nemi na Inna, babu. Mai faɗin nan na Kaka, baƙin na kawu, ɗan ƙaramin jaririya. Ta goge tabarau da bakin mayafi ta sake dubawa, ko idonta ne. Ba idonta ba ne.

"Ke ce Delma, ko?"

Wata Baturiya ce doguwa, rana ta ƙona mata hanci. Ta kama hannun Delma da hannu biyu. Ta ce sunanta Dakta Marchuk, ita ta jagoranci binciken, kuma ta daɗe tana son ta yi mata godiya. Matar nan ba mugunta a fuskarta ko kaɗan, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Mun kusa rasa wurin nan, kin sani. Lauyan kamfani ya dage wai tulin ba tsoho ba ne, wai iyali ɗaya ne suka tara shi a 'yan shekarun nan. Sai kwamiti ya ce a ware na da daga na baya a gani. Na kwanan nan ba wuya, ba su da gansakuka. Amma waɗanda suka daɗe sun riga sun saje da na asali. Ƙaninki ne ya fitar da mu. Ya tsaya a nan yana nuna su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan mai shi, mu kuma muna ɗaukewa. Ya ce ke kika koya masa tun yana yaro."

Ganga ta fara tashi daga ƙasa. Delma ta ji ta kamar daga wani gari.

"Da yatsa ya nuna su?"

"Na'am?"

"Na ce da yatsa?"

"E... da yatsa mana." Matar ta yi murmushi, ba ta gane ba.

Ko rayayye ba ma nuna shi da yatsa, balle wanda ya riga mu. Delma ta zare hannunta a hankali. Ta bar matar nan tsaye, don ba ita ta ba ta taba ba.

Ta sami Harlan bayan rumfar abinci, cikin sabuwar rigar biki, da faranti a hannu. Yana ganin fuskarta ya sha jinin jikinsa, ya ajiye farantin kan murfin wata mota.

"Yaya, kin hau ke kaɗai? Da kin jira ni in..."

"Ina Inna?"

"Ki zauna tukuna, ƙafarki..."

"Ina Inna, na ce."

"Cewa suka yi na ɗan lokaci ne. A ɗauke, a auna na ƙasa, a mayar. Da hukunci ya fito sai aka ce a bar wurin yadda yake tun kafin zuwan Turawa, ba ƙari ba ragi. Na yi faɗa, Yaya, na rantse na yi faɗa."

"Ranar da ka zo gidana da jan ƙyalle, ka san za su ce a ɗaga?"

Ya dubi takalminsa. Ya dubi tudu.

"Auta."

"Na san za su iya nema."

Shi ke nan. Da ya ce bai sani ba, da ta zage shi, ta kwaɗa masa sanda, bayan wata biyu ta soya masa gurasa. Amma ya sani. Ya zauna a teburinta, ya ci abincinta, ya ɗora yatsu a kan taba yana sane.

"Da na faɗa miki da ba ki ɗauka ba," ya ce.

"Da ban ɗauka ba."

"To kin gani! Da yanzu tudun nan rami ne. Da na Inna da na Wilfred duk an niƙe su suna cikin kwalta motoci na bi ta kai. Dube shi, Yaya, yana nan tsaye. Jikokinmu za su gan shi. Wani abu sai an ba da wani abu."

"Kai ka bayar? Naka ne? Ina ka kai su?"

"An tara su a gindin tudu, na sa an rufe da tamfol, na ce kada kowa ya taɓa. Ina birni wajen zaman kwamiti sai mai kwangilar hanya ya zo. Shi bai sani ba, ya ga duwatsu a tare kawai..."

Bai ƙarasa ba. Leɓensa ne ya karkata wajen filin motoci, wannan karon ya tuna da ladabi.

Delma ta juya. Yara na tsalle daga farin dutse zuwa farin dutse suna gasar wanda ba zai taka ƙasa ba. Ta bi layin tana dogara sanda, tana leƙa kowanne, amma fenti ya mai da su duk uwa ɗaya uba ɗaya. Sai can kusa da kwandon shara ta ga wani da gefensa ya lotsa. Tayar wata ƙatuwar mota ta danne shi har ya ɗan nutse a ƙasa. Likita ya hana ta durƙuso, amma ta durƙusa. Ta fito da makullin gida ta kankare fentin. Ja ya fito. Ta ƙara kankarewa, ga farar jijiyar.

"Wilfred," ta ce, "tsohon banza, kai ne nan kake gadin motoci?"

Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'izarsa. Noreen ta zo a guje ta ɗaga ta. Da ta gane abin da ya faru ta ce su buɗe bayan mota yanzun nan su kwashe su duka, duk wanda ya isa ya hana. Delma ta girgiza kai. A kai su ina, bayan gida kusa da kejin kaji? Wurinsu tudu ne, tudu kuma an ce ba ƙari. Dutsen da aka ajiye da suna ba a ɗaga shi. An riga an ɗaga sau ɗaya, ba da hannunta za a yi na biyu ba. Suka tafi ana tsakiyar jawabi, gwangwanin shayi na cikin jaka ba a buɗe ba.

Harlan ya yi ta sintiri. Ya kawo itace ya jera mata, ya gyara mata magudanar rufi, ya kawo cinyar barewa. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma zage shi ba, shi kuwa zagin yake nema. Takan zuba masa shayi a kofin baƙi, ta ci gaba da aikinta har ya gaji ya tashi. Dattawa sun zo ba ta haƙuri, suka ce yaron nan ya ceci tudu, a duba wannan. Ta ce ta duba. Ta je gidan Alvina da kanta ta ce, "Ashe idonki biyu ne." Alvina, a karo na farko a rayuwarta, ba ta ce komai ba.

Kafin ruwa ya daskare, ta tuƙa kanta zuwa kangon gidan Inna. Akwai rafi a bayansa inda Harlan ke wuni yana yaro yana kamun ƙananan kifi da gwangwani, har sai ta zo ta fito da shi da kunne, leɓensa ya yi shuɗi don sanyi. Ta daɗe tana zaɓe a bakin ruwan. Ta ɗauki wani baƙi mai santsi, daidai abin da za ta iya runguma, ta kai gida ta tura ƙarƙashin gado.

Sanyi ya zo ya yi abin da ya saba. Sai wata safiya, shekara ta zagayo, ta farka ta ji rufi na ɗiga, iskar yamma ta dawo. Ta ɗauki waya.

"Zo ka buɗe mini tudu."

Don yanzu ƙofar da Sorensen bai taɓa kullewa ba tana da kwaɗo, makullin kuma na hannun ƙaninta. Murnar da ta ji a muryarsa ta kusa sa ta fasa. Kusa dai.

Ta tarar ya riga ta isa, ya buɗe ƙofa, ya share mata hanya da shebur, har da shayi a flas. Ta buɗe bayan mota ta rungumo dutsen cikin tsohon bargo. Ta bar sandarta a kujera.

"Kawo in ɗauka miki, Yaya."

"Ba a kamawa."

Ya tsaya cak. Murmushin ya zube daga fuskarsa.

"Wa ya rasu? Ba wanda ya gaya mini."

Ta kama hawa. Ƙasa ta yi laushi, taɓo na kama takalmi, ƙarfen da aka sa mata a ƙugu na yi mata magana a kowane taku. Yana biye da ita a baya, hannuwansa a buɗe ko za ta zame, yana jero sunayen tsofaffin dangi. Gwaggo Philomena ce? Ai na gan ta a kanti kwanan nan. Wani ne daga dangin Wilfred? Ba ta da numfashin amsawa, ko da tana da shi ma ba ta da niyya. Ta huta a tsakiyar hanya ta ɗora dutsen kan cinya, ba ta bari ya taɓa ƙasa ba.

A bakin igiya ya sha gabanta.

"Yaya, don Allah. Kin san dokar. In kika ɗora dole in cire, in ba haka ba kamfanin nan na nan yana jira, za su ce mun karya sharaɗi. Kada ki sa ni in sake."

"Ɗaga mini igiya."

Ya ɗaga. Me zai yi? Ita ta koya masa ɗaure takalmi.

Ta bi layin gabas har tsakiya. Ta warware bargon, ta ɗora dutsen daidai gurbin da na Inna ya bari, ta murza shi har ya zauna. Ta kunna kitsattsiyar ciyawa mai ƙamshi, iska na ta kashewa tana sake kunnawa, ta shafa hayaƙin a dutsen da fuskarta. Harlan ya matso, ya cire hula. Ya zuba wa dutsen ido, baƙi mai santsi irin na rafin bayan gidan Inna.

Ta miƙe tsaye ta fuskanci tulin.

"Harlan, ɗan Agnes."

Iska ta ɗauki sunan ta wuce da shi. Bai taɓa jin sa a bakinta ba.

"Yaya..." Hular ta faɗi daga hannunsa ta gangara. "Yaya, ga ni fa. Ina tsaye."

"A da ina da ƙane," ta ce, ba shi take kallo ba. "Na goya shi na hau da shi nan. Ranar iska irin wannan ya zo gidana ya ci gurasa biyu, daga nan ban ƙara ganinsa ba. Na jira shekara kamar yadda ake yi."

Ta buɗe jaka ta fito da jan ƙyallen, ɗaurinsa na nan yadda ya kawo shi. Ta sa masa a aljihun ƙirji inda ya fito, ta danna maɓallin aljihun ta rufe, yadda take yi masa in zai tafi makaranta.

"Dokarku ta ce a kwashe duk abin da aka ƙara. Kai ne mai makulli, kuma ka san na waye. In za ka ɗauke, ɗauke."

Ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin igiyar da kanta. Ba ta ji takunsa a bayanta ba. Sau ɗaya ta waiga a tsakiyar gangara, ta hango shi durƙushe gaban tulin, ya miƙa hannu ya tsaya a hanya, bai taɓa ba bai kuma janye ba.

A filin motoci ƙanƙara ta narke daga kan duwatsun, sanyi ya fara ɓare fentin, launin kowa na leƙowa. Ta wuce Wilfred ta shafa kansa. Ta bi layin a hankali har ta ga wani dutse ruwan ƙasa mai tsaga a gefe, wanda ta taɓa runguma tana 'yar budurwa da yaro a bayanta. Ta zauna a taɓon kusa da shi, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ta jira numfashinta ya dawo.

"Inna," ta ce, "na kai Auta tudu. Shi kaɗai ne namu a can yanzu."